Shaidar Ɗantala a Kan Jan Sa

Duk wanda ya yi harkar shanu a Magamar Jibiya a shekarun baya ya san Ɗantala. Ko bai san sunansa ba, ya san mazauninsa, wani kututturen dabino a bakin shingen da ake tsai da garke idan ya ƙetaro daga Nijar. Shi ba ma'aikaci ba ne, ba kuma dillali ba. Aikinsa kallo. Saniya ta gifta ta gabansa sau ɗaya, shi ke nan ya haddace ta. A dawo da ita bayan shekara biyar cikin shanu ɗari biyu, ta rame, ƙaho guda ya karye, zai nuna ta da haɓa ya ce ga ta can. Wanda aka sace wa dabba wurinsa yake fara zuwa kafin ya je wurin hukuma, har jandarmomin Ɗan Issa, can cikin Nijar, sukan aiko a kira shi idan gardama ta ƙi mutuwa.

Abin mamakin shi ne, a Farfaru inda aka haife shi babu wanda ya taɓa zaton zai yi wani amfani. Ya shekara shida a gaban allo bai haye izu guda ba. Aka kai shi boko, malamin aji uku ya rako shi gida da kansa, ya ce wa uban a nema masa fartanya. Har ya yi furfura, idan aka ce masa ya bi dama, sai ya ɗan ɗaga hannu kamar zai kai loma baki, ya tabbatar, sa'an nan ya juya. Magana ma ba ta cika yi masa biyayya ba. Abu na nan a kansa sarai kamar hoto, amma kafin ya iso baki ya wargaje. Matarsa Salmatu takan ce da ita ma saniya ce da tuni ya san abin da ke damunta.

Babban abokinsa a bakin iyaka shi ne Malam Andrew, malamin dabbobi, mutumin Kusa, ɗan Maguzawan da suka shiga Kirista tun yana goye. Andrew mutum ne na jeri da tsari. Biro uku ne a aljihunsa kullum, kowane da aikinsa, kuma duk dabbar da ya yi wa allura sai ta shiga rajista da launinta da shekarunta da alamunta. Amma ka rufe littafin ka nuna masa san da ya yi wa allura jiya, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Shekara goma sha ɗaya suna zaune inuwa ɗaya, kowa na yi wa ɗan'uwansa kallon mai rabin hankali, kuma babu mai iya wuni ba tare da ɗayan ba.

Wata shekara aka tura Andrew kos Zariya, ya dawo da sabon abin tsokana.

"Ɗantala, na gano ciwonka," in ji shi. "An ce mana ƙwaƙwalwa ɗaki biyu ta. Ɗakin hagu shi ka riƙe magana da ƙirga da jera abu bi da bi. Ɗakin dama shi ka riƙe kamanni da huska. Kai naka na hagu kulle shike, an jeha makullin rijiya."

"Kai kuma naka na dama awaki anka ɗaure ciki," in ji Ɗantala.

Ko haka abin yake cikin kan ɗan Adam, Allah ne masani. Su dai sun sami abin dariya na shekara guda, har direbobi suka ɗauka suna kiran su Hagu da Dama.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar Katsina, Ɗantala na cikin waɗanda suka yi kabbara har murya ta dishe. Yana da dalili. Ya ga manoma da yawa sun zauna a gabansa suna hawaye a kan san noma guda, ya kuma ga ɓarayin da ya nuna da hannunsa sun dawo kasuwa bayan kwana uku suna yi masa murmushi. Ya ce yanzu kam ɓarawo zai shiga taitayinsa. Andrew dai ya ci gaba da rubutunsa.

Shekara ta zagayo, ana dab da faɗuwar damina, aka kwance wa wani manomi na Daddara mai suna Nagoggo san huɗarsa daga turke. Jan sa ne mai fari a goshi, kunnen hagu a tsage. Bayan kwana goma 'yan banga suka tare wani mutum a hanyar daji yana janye da jan sa mai fari a goshi, kunnen hagu a tsage. Sunan mutumin Ummaru, ɗan shekara talatin da 'yan kai, sana'arsa kora wa fatake shanu a ƙasa daga kasuwa zuwa kasuwa. Ya ce nasa ne, karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya mallaki abu mai ƙaho, wurin wani Bafulatani ya saye shi can gaba da Ɗan Issa. Takarda fa? Babu, don ta daji ya biyo saboda gudun 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, kamar yadda rabin garin ke yi. Bafulatanin fa? Ya yi arewa da garkensa. 'Yan bangan suka yi ta dukan Ummaru har ya ce e, shi ya sata.

Nagoggo ya zo ya rungume wuyan san yana kuka. Ba maƙaryaci ba ne, mutum ne da damina ta zo masa babu abin huɗa. Maƙwabtansa biyu suka ce ai ko makaho ya shafa ya san shi ne. Aka buɗe rajistar Andrew, aka tarar da san Nagoggo a ciki daga rigakafin bara, ja, ɗan shekara huɗu, fari a goshi, kunnen hagu a tsage. Komai ya zauna daram. Kuma kowa ya san abin da sabuwar doka ta tanada, idan kotu ta tabbatar da satar, hannun Ummaru na dama za a yanke.

Ɗantala ya je kallo kamar kowa, a bayan kotu inda aka ɗaure san a gindin bedi, wato darbejiya. Bai yi minti guda ba ya juyo.

"Wanga ba san Nagoggo na ba," ya ce wa Andrew.

"Da mi ka gane?"

"Ba shi na ba dai. Na san na Nagoggo, gabana ka yi mishi allura. Wanga kuwa na san uwatai. Wata ja ta, ta Hulanin Madarumfa, kowace kaka sai ta ƙetaro. Ina nan zaune ya wuce bayanta shina maraƙi."

"Na yarda. Amma da mi ka gane?"

Ɗantala ya buɗe baki, ya rufe. Ya zana wani abu a iska da hannu biyu. Abin yana gabansa ƙarara, yadda san ke ɗaukar kai, yadda yake sauke ƙafa, amma babu kalma ko guda da ta yarda ta ɗauke shi. Sai ya ji tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don ya gane a duk faɗin ƙasar nan shi kaɗai ya san Ummaru bai yi sata ba.

Andrew ya yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma wannan yardar ce ta jawo musu abin da ya faru. Ya yi tunani irin nasa. Alƙali ba zai karɓi "na san uwatai" ba, alama zai nema. To, tunda shi malamin dabbobi ne, an bar shi ya duba lafiyar san, sai ya bi shi gaba da baya ya samo alamu biyar waɗanda ba a gani daga nesa: tabo a hammatar hagu, ɗigon fari a cikin cinyar dama, haƙori guda mai ɓalli, da wasu biyu. Dabararsa ita ce Ɗantala ya zayyano su a gaban alƙali ba tare da ya taɓa san ba, a ga lalle ya san dabbar tun tana ƙarama.

"Malam, ni ba da wagga na gane shi ba," in ji Ɗantala.

"Na sani. Amma gaskiyarka ba ta da ƙahwa, ni ka ba ta ƙahwa. Hwaɗi, tabo ina?"

Kwana uku suna wannan karatu a ƙarƙashin inuwa, dattijo mai jikoki yana biya hagu, dama, hagu, yana gumi kamar mai faskare. Direbobi na wucewa suna dariya, ba su san abin da ake ciki ba. Ran na uku ya kawo su biyar cif ba kuskure, Andrew ya tafa masa.

Ranar shari'a kotu ta cika har tagogi. Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, kuma a yi masa adalci, bai yi gaggawa ba. Ummaru na zaune a ƙasa, ido guda a kumbure. Ya riga ya ce duka ne ya sa shi amsawa, amma shaidu biyu sun tsaya a kan san, ga kuma rajista. Aka kira Ɗantala.

"Ka ce wanga sa ba na mai ƙara na ba," in ji alƙali. "Mi ag hujjarka?"

"Allah shi gafarta Malam, na san uwatai. Tahiyarta gare shi. Ko yadda shika kallon mutum, nata na."

Kotu ta kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce a tambaye shi ko ya halarci sunan. Alƙali ya tsawata, ya juyo a hankali.

"Ɗantala, na san sunanka, na san aikinka. Amma ba ni yanke hukunci da abin da ke cikin kanka kai ɗai. Ba ni alama wadda ni ma in na duba zan gani."

Nan ne Ɗantala ya jawo karatun kwana uku. Idanu sun yi masa yawa, dariyar nan ba ta bar kunnensa ba. Ya so ya ɗaga hannu ya lalubo damarsa kamar yadda ya saba, kunya ta hana shi, kada a ce dattijo na wasa a gaban alƙali. Sai ya runtse ido ya zubo su da sauri. Tabo a hammatar dama. Ɗigon fari a cinyar hagu. Andrew na tsaye a bakin ƙofa, ya dafe kai.

Aka fita gaba ɗaya zuwa gindin bedi. Muhuti, mataimakin alƙali, ya ɗaga ƙafar dama, babu tabo. Ya leƙa cinyar hagu, babu fari. Aka same su duka a ɗaya gefen. Ɗaya daga maƙwabtan Nagoggo ya ce, "Wanga ai karatu anka yi mishi, ya manta." Da aka koma ciki alƙali ya dubi Ɗantala.

"Ka ji tsoron Allah ka hwaɗa mini. Alamun ga, kai ka san su, ko hwaɗa maka anka yi?"

Ɗantala bai iya ƙarya ba, ita ma ai sai da baki ake yin ta. Ya sunkuyar da kai ya ce faɗa masa aka yi. Aka tambaye shi wa, ya ƙi faɗa. Alƙali ya ce shaidar da aka koyar ba shaida ba ce, ya jefar da ita dukkanta, har da gaskiyar da ke ƙarƙashinta. Kafin azahar an yanke hukunci, hannun dama daga wuyan hannu. Jama'a suka yi kabbara, Ummaru kuwa ya zuba wa Ɗantala ido kawai har aka fita da shi.

Da ya koma gida ya ba Salmatu labari guntu-guntu. Tana tankaɗe, ta tsaya.

"To, Malam, mi ya hana ka ce a zuba san cikin jajayen shanu ɗari, a ce kai da Nagoggo kowa shi hiddo shi? Ai nan za a ga mai ido."

Ɗantala ya zauna a bakin ƙofa kamar an tura shi. Abin da yake yi kullum ke nan, shekara talatin. Bai zo wa Andrew ba don ba a rubuce yake ba, shi kuma bai zo masa a baki ba. Baƙin cikin wannan magana bai sake shi ba har ya mutu.

Andrew ya rubuta takarda shafi uku da kyakkyawan rubutunsa, ya bayyana cewa laifin koyarwar nasa ne, ya kai Katsina da ƙafarsa. Aka karɓa, aka buga mata hatimi, aka ce za a neme shi. Kwanakin ɗaukaka ƙara suka wuce, Ummaru ba shi da wanda ya san hanyar. Hukuncin kuma ba a zartar da shi sai an sa hannu daga sama, hannun nan kuwa ba a sa ba, ba a kuma ce a sake shi ba. Aka ajiye shi a gidan yari yana jira.

A Magama abubuwa suka canza wa Ɗantala. Labari ya zaga cewa ya yi shaidar zur a gaban alƙali, kuma a shekarun nan babu tambarin da ya fi wannan muni. Masu cigiya suka daina zuwa. Jandarmomi suka daina aike. Ya ci gaba da zama a kan kututturensa don bai san wani wurin zama ba, shanu na wucewa yana gane su ɗaya bayan ɗaya, babu mai tambaya. Shi da Andrew suna gaisawa, suna raba goro, amma tsokana ta mutu. Kowannensu na ganin shi da kansa ya cuci Ummaru, kuma kowannensu na da gaskiya.

Shekara uku bayan haka, wata ranar kasuwa da hantsi, wata babbar mota shaƙe da shanu ta tsaya a shinge za ta Kudu. Ɗantala ya ɗaga kai kawai don sabo. Ta tsakanin katakon motar wani jan sa ya juyo ya dube shi. Ya tsufa, ya yi ƙiba, wani ya ɗana masa sabuwar lamba a cinya, amma shi ne. San Nagoggo ne na ainihi.

Ya tashi da gudu har takalmi na fita, yana kiran Malam, Malam. Andrew ya fito da rajista a hammata. Ya leƙa, ya ga jan sa mai fari a goshi, kunne a tsage, irin wanda ke can Daddara yana ja wa Nagoggo garma shekara uku, Nagoggo kuwa bai taɓa cewa ba nasa ba ne. Takardun motar sun cika, dabbobin sun fito daga hannu na huɗu ko na biyar, kowane hannu da shaidarsa.

"Shi na, Malam! Wallahi shi na!"

"Na yarda," in ji Andrew. "To, mi zan rubuta? Wa zai karɓa daga bakinmu, ni da kai?"

Direba na ta danna ham, motoci sun yi layi a baya. Ɗantala ya riƙe katakon motar da hannu biyu, kamar ƙarfinsa zai tsai da ita. Yaran mota suka ɓamɓare yatsunsa, ba da mugunta ba, suna cewa Baba a yi haƙuri. Aka ɗaga shinge. Kafin jibi san zai zama nama a wani gari da ba a taɓa jin sunan Ummaru ba.

Ran Talata Ɗantala ya sa Salmatu ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin rogo, ya hau mota zuwa gidan yari a Katsina. Bai taɓa zuwa ba duk tsawon shekarun nan, kunya ta hana shi. Yanzu yana ganin ko ba komai ya kamata mutumin ya ji cewa an ga san, gaskiyarsa ta taɓa tsayawa a shinge minti goma. Duk hanya yana jera maganar a ransa, tana rushewa, yana sake jerawa.

Ganduroba ya zaunar da shi a kan benci, aka fito da Ummaru. Ya yi fari, ya bushe, gemu ya fara furfura. Da ya ga baƙon nasa sai ya yi murmushi, ya rusuna, ya miƙo masa hannun hagu.

Ɗantala ya ɗan ja da baya. Ya zaci zagi ne, ya kuma ji a ransa ya cancanta. Sai ya lura hannun daman yana cikin riga, an ɗaure shi a ciki da tsumma, damtsen ya tsotse ya koma kamar na yaro.

"Yi haƙuri, Baba, ba raini na ba," in ji Ummaru. "Tun watan da anka kawo ni na bar taɓa komi da shi. Da wanga nika ci, da shi nika wanki, har ɗinki na koya. So nike ran da sunka zo su iske na riga na saba."

Ɗantala ya kama hannun da nasa duka biyu, ya riƙe. Ganduroba na duban agogo.

"Ko an ji wani labari can gida?" in ji Ummaru.

Ɗantala ya dubi hannun da ke cikin nasa. San dai ya riga ya wuce, labarinsa ba zai fitar da kowa ba.

"Babu," ya ce.